Hutun mako guda da iyaye a gidan haya a karkarar Ingila: abin da za ki duba kafin ki biya kuɗi

Wata 'yar'uwa da ke aiki a Birmingham ta aiko da wannan tambaya: "Iyayena za su zo daga Kano a watan Agusta. Baba ya haura saba'in, kuma gwiwa tana damunsa. Mu bakwai ne, da maigidana da yaranmu uku. Ina so mu fita daga gari mu yi mako guda a karkara. Abokan aikina sun ce mu kama irin gidajen hutun nan da ake ba mutum gida sukutum, ya dafa abincinsa da kansa. Yaya abin yake, ya fi otal kuwa, kuma me zan kula da shi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo su Baba da Hajiya lafiya.

Abokan aikinki sun ba ki shawara mai kyau. Ga iyali irin naku, gidan haya ya fi otal nesa ba kusa ba. A otal sai kun kama ɗaki uku, abincin safe kusan kullum akwai naman alade a gefen tebur, Hajiya kuma ba za ta yi kwana biyu ba za ta fara cigiyar tuwo. A gidan haya kuwa kicin naku ne, falo naku ne, za ku shimfiɗa darduma ku yi jam'i, yara su yi guje-gujensu a lambu. Abin da ya kamata ki sa a rai tun yanzu shi ne babu mai yi muku hidima. Babu teburin karɓar baƙi, babu mai gyaran gado da safe, sau da yawa ma har ku tafi ba za ku sa mai gidan a ido ba. Za a aiko miki da lambobin wani ɗan akwatin ƙarfe da ke maƙale a jikin bango kusa da ƙofa, ki buɗe ki ɗauki makulli. Saboda haka duk daɗin makon ko wahalarsa, a wajen zaɓen gida ake yanke shi, kina zaune a Birmingham.

Yawancin mutane da hoton waje suke zaɓe: gidan dutse mai launin zuma, furanni sun nannaɗe ƙofa, rufin ciyawa. Irin waɗannan gidaje, da yawansu an gina su ne shekaru ɗari biyu ko uku da suka wuce domin masaƙa da 'yan ƙwadagon gona, mutanen da ba su da hali. Jerin gidajen Arlington Row na ƙauyen Bibury, wanda ya fi kowane shahara a hotuna, asalinsa ma'ajiyar ulu ce da aka gina wajen 1380, aka mayar da ita gidajen masaƙa a ƙarni na 17. Ƙofofin irin waɗannan gidaje gajeru ne, azarar rufi a ƙasa-ƙasa take, dogon mutum sai ya dinga sunkuyawa. Matakalar bene kuwa ƙunci gare ta, a miƙe take tsaye, wani lokaci a murɗe, banɗaki ɗaya tilo kuma yana can sama. Mai gidan ba shi da ikon gyara su yadda ya ga dama, domin da yawa suna cikin rajistar gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa ba tare da izini ba. Ki ƙiyasta Baba da wannan gwiwa yana hawa yana sauka domin alwala sau biyar a yini, da kuma fitar dare. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata makon.

Abin da za ki nema shi ne gida mai ɗakin kwana ɗaya a ƙasa, da banɗaki a ƙasa, mai shawar da ake shiga a tsaye ba sai an ƙetara bahon wanka ba. Inda aka fi samun haka shi ne tsofaffin rumbuna da turakun dabbobi na gonaki da aka mayar gidajen zama. Daga waje ba su kai na hotuna kyau ba, amma ciki a yalwace yake, kicin babba, ga filin ajiye mota. Shafukan kamfanonin haya irin su Sykes da cottages.com da holidaycottages.co.uk duk suna da wurin da za ki tace sakamako da "ɗakin kwana a ƙasa", kuma masu gida da yawa suna da takardar bayanin shiga da fita, wadda ke faɗin yawan matakala da faɗin ƙofofi. Ki nemi a turo miki. A wurin tacewar nan kuma ki zaɓi gidan da ba a shiga da dabbobi. Turawa da karnukansu suke zuwa hutu, gidan da ya yarda da kare kuwa, komai sharar da aka yi, za ki tarar da gashi a kan kujera da kafet, Hajiya ba za ta sake ta yi salla a wurin ba. Ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi da filayen karkara, wadda aka kafa a 1895, tana da ɗaruruwan gidajen haya a filayenta, amintattu ne. Landmark Trust, ta 1965, tana da gine-gine kimanin 200 masu ban sha'awa ƙwarai, hasumiyoyi da tsofaffin ganuwoyi, sai dai da gangan ba sa sa talabijin ko intanet, kuma mafi yawansu matakala ne zalla. Ki bar wannan sai ranar da za ku tafi ke da maigida kawai.

Game da yanki, kada ku yi nisa. Cornwall tana da kyau, amma daga Birmingham awa huɗu zuwa biyar ce in hanya ta yi daɗi, a Asabar ɗin Agusta kuwa ba ta daɗi. Lake District ta fi ko'ina a Ingila tafkuna da duwatsu, har UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2017, amma ta fi ko'ina ruwan sama, ƙauyen Seathwaite yana samun kimanin milimita 3,500 a shekara, kuma daɗinta na mai iya hawan dutse ne. Da ni ce ke, ɗaya daga cikin uku zan ɗauka: arewacin Cotswolds wajen Chipping Campden da Broadway, tafiyar kimanin awa guda; ko tuddan Shropshire wajen Church Stretton da Ludlow, inda ya fi sauƙin kuɗi kuma babu cunkoson 'yan yawon buɗe ido; ko kudancin Peak District wajen Ashbourne da Bakewell. Peak District ita ce gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Birtaniya, tun 1951, kuma tana da abin da zai dace da Baba: tsofaffin layukan dogo da aka cire ƙarafunansu aka mayar hanyar ƙafa da keke, irin su Monsal Trail da Tissington Trail, shimfiɗaɗɗu, babu hawa babu gangara mai wahala.

Kusancin nan yana da wani amfani da mutane ba su cika lura da shi ba. Gidajen nan a lokacin bazara mako-mako ake ba da su, daga Juma'a zuwa Juma'a ko daga Asabar zuwa Asabar. Shiga yawanci ƙarfe 4 na yamma ne, fita ƙarfe 10 na safe, tsakanin nan masu shara suke aikinsu. Ki ɗauki na Juma'a. Maigida da Baba su yi sallar Juma'a a Birmingham, ku tsaya a Coventry Road ko Alum Rock ku sayi nama da kaji, ku kama hanya, ku isa daidai lokacin buɗe ƙofa. Juma'a mai zuwa ku fito ƙarfe 10, kafin huɗuba kun dawo gida. Kin ga babu Juma'ar da za ta riske ku a ƙauyen da masallaci mafi kusa yake tafiyar minti arba'in. Tunda kuma zaman ya wuce kwana huɗu cikakku, a mazhabar Malikiyya da su Baba suka tashi a kai, niyyar zaman ta yanke ƙasaru, cika salla za a yi. Alƙibla daga tsakiyar Ingila tana wajen digiri 118 daga arewa, wato gabas mai karkata kudu, saɓanin Kano inda ake karkata arewa. Ki duba ta a waya da zarar kun sauka.

Batun kuɗi. Hutun makarantu daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba shi ne lokaci mafi tsada a shekara, gidan da za ki samu da araha a Nuwamba yakan ninka kuɗinsa a Agusta, kuma manyan gidaje masu ɗaukar mutum bakwai ko takwas su ne suke fara ƙarewa. Ana biyan kafin alƙalami lokacin kama gida, ragowar kuma makonni kafin ranar shiga, kowane kamfani da nasa wa'adin. Daga ranar da kika biya ragowar, fasa tafiya yakan zama asarar mafi yawan kuɗin ko dukansa. In bizar su Baba ba ta fito ba tukuna, ki karanta sharaɗin fasawa da kyau kafin ki danna komai. Wasu masu gida suna riƙe wani kuɗi daban na jingina saboda ɓarna, su mayar bayan kun fita. Kada ki tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani da kika gani a Facebook yana tallar gida da rangwame mai yawa.

Adadin mutanen da aka rubuta shi ne iyaka, kuma da gaske ake. Na san halinmu: 'yan'uwa na Leicester ko Bradford za su ji Alhaji ya zo, su ce za su leƙo gaisuwa, dare ya yi a ce ai sai su kwana a falo. A can wannan saɓa yarjejeniya ne, domin inshorar gidan da takardar kariyar gobara, wadda tun Oktoba 2023 doka ta wajabta wa kowane mai ba da irin wannan haya ya rubuta, a kan adadin gadaje aka yi su. Mai gida yana da ikon ya ce ku fita. In kina sa ran baƙin yini, ki tambaye shi tun da wuri, yawancinsu ba sa hanawa in an faɗa musu.

Yanzu kicin, inda na fi so ki natsu. Za ki tarar da faranti da cokula da kofuna daidai yawanku, firij, tanda, butar lantarki, galibi har da injin wanke kwanuka da na wanki. Abin da ba za ki tarar ba shi ne tukunyar da za ta ɗauki tuwon mutum bakwai. Ki tafi da babbar tukunyarki da muciya da injin markaɗe da wuƙa mai kaifi, da kaskon suya naki in zuciyarki ba ta kwanta da wanda baƙin da suka gabata suka soya naman alade a ciki ba. Amma kafin ki ɗauki tukunya, ki tambayi wane irin murhu ne a gidan. Sababbin gidaje da yawa suna da murhun gilashi mai aiki da maganaɗisu, wanda ba ya ɗumama tukunyar alminiyom ko kaɗan. Ki manna mayen ƙarfe a gindin tukunyarki, in ya kama za ta yi aiki. Tsofaffin gidajen gona kuma wasu suna da Aga, wani ƙaton murhun ƙarfe da wani ɗan Sweden, Gustaf Dalén, ya ƙirƙira a 1922. Irin na da ba a kashe shi, dare da rana yana da zafi, kuma ba shi da abin murɗawa na rage wuta. Yana da faifai biyu a sama masu murfi, ɗaya mai zafi sosai na tafasa, ɗaya mai sauƙi. Rage wuta shi ne ki matsar da tukunya daga wannan zuwa wancan, ko ki sa ta a tandar ƙasa ta turara. Miya da farfesu suna daɗi a kansa, amma ki dinga rufe murfin faifan in kin gama, in ba haka ba zafin ya tsiyaye. Murhun lantarki na yau da kullum kuwa in ya ƙi kamawa, ki duba jan makunni a bango kusa da shi kafin ki kira kowa.

Shagon ƙauye madara da burodi da ƙwai ne, sai 'yan gwangwanaye, naman halal kuwa babu shi. Ki yi sayayyar nama ta mako gaba ɗaya a Birmingham, ki zuba a kula da ƙanƙara, ki tabbatar gidan yana da firiza na gaske, domin wasu ɗan aljihu ne kawai a saman firij. Kayan nauyi irin su shinkafa, mai, ruwan lemo da dankali, ki yi odarsu daga manyan kantuna irin Tesco ko Sainsbury's a kawo ƙofar gidan da yammacin ranar da kuka sauka, saboda mota mai kujera bakwai in an cika ta da mutane, but ɗinta ba ya ɗaukar abin kirki. Ran Lahadi manyan kantuna awa shida kawai doka ta ba su, tun 1994, yawanci suna rufewa ƙarfe 4 ko 5. Ki kuma gaya wa Hajiya tun tana Kano kada ta ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu. An hana shiga Birtaniya da nama da kayan madara daga Najeriya, ko busasshe ne, za a ƙwace a filin jirgi. Busasshen kifi an yarda da shi. Wani ƙaramin abu: masu gida da yawa sukan ajiye kwandon maraba, kek da madara, wani lokaci da kwalbar giya. Saƙo ɗaya ya isa su canja ta da ruwan tuffa.

Ruwa shi ne abin da ya fi jawo mana rigima da masu gida. Banɗakin Bature ba a yi shi domin a jiƙa ƙasa ba. Babu magudana a daɓen, a bene kuwa katako ne a ƙarƙashin leda ko tayil, wasu tsofaffin gidaje har kafet suke sawa. Ruwan buta da na wankin ƙafa in ya dinga zuba, silin ɗin ɗakin ƙasa yake ɓullowa, kuɗin jinginarku ya tafi. Ki tafi da butoci biyu, ki nuna wa kowa a yi alwala a cikin shawa ko baho, ki ajiye tsohon tawul a ƙasa. Baba a sa masa kujerar roba a cikin shawa. Gidajen da ke wajen gari kuma da yawa ba a haɗa su da babbar magudanar gari ba, sokawe gare su, mai aiki da ƙwayoyin halitta da ke narkar da ƙazanta. Tishu mai danshi na goge yara, audugar mata, man suya da bilic mai yawa duk suna toshe shi ko su kashe ƙwayoyin. Man da kika gama suya da shi ki bari ya huce ki ɗura a gora. Ruwan zafi kuma a wasu gidaje daga tanki yake, wanda in mutum uku sun yi wanka a jere sai an jira ya sake ɗumi. Ku raba wanka, wasu safe wasu yamma.

Sai turaren wuta. Na san Hajiya ba za ta zo ba tare da shi ba, kuma gidan dutse da aka rufe yana da wani ɗan warin danshi da zai sa hannunta ya yi ƙaiƙayi. A cikin gidan kada a kunna garwashi. Yawancin ɗakuna suna da ƙararrawar hayaƙi, sau da yawa a haɗe suke, ɗaya ta yi kuka duka su ɗauka, ƙamshin kuma yana kama labule, mai gida ya ɗauka an sha taba ya caje ku kuɗin wanki. Abin da ya fi wannan muhimmanci, garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari wadda ke kisa cikin barci, gidajen can kuma a toshe suke ruf saboda sanyi. Ki saya mata humra da turaren fesawa, kaskon kuma a yi shi a lambu. Haka gasa nama: a waje, kuma kada a shigo da murhun gawayi ciki ko da ya yi kamar ya mutu. Lokacin suya ki kunna fankar zuƙe hayaƙi ki buɗe taga.

Kada sunan bazara ya ruɗe ki game da sanyi. Da rana ma'aunin zafi yakan tsaya wajen digiri 20, da dare ya sauka kusa da 10 ko 12, kuma bangon dutse yana riƙe sanyi. Ga wanda ya fito daga Kano, daren Agusta a tuddan Derbyshire da asubahin hunturu ba su da maraba. Masu gida da yawa suna kashe na'urar ɗumama gida a bazara, musamman inda babu bututun gas, da man da ake sayowa a tanki ake ɗumamawa. Ki tambaya ko za a bar muku ita a kunne, da ko kuɗinta yana cikin haya. Ki tanadar wa su Baba rigunan sanyi, safa mai kauri da rigar ruwa. In akwai murhun itace a falo, za su so shi fiye da talabijin. Ki karanta takardar bayaninsa, ki rufe ƙofarsa in yana ci, ki hana yara taɓa gilashin.

Ranar tafiya ki sauke bayanin hanya da lambar akwatin makulli a waya tun kuna gida, domin sabis yakan ɗauke daidai inda ake bukatarsa, kuma lambar adireshi ɗaya a karkara tana iya haɗa gonaki da yawa masu nisa da juna. Bayanin mai gida ya fi taswirar waya. Hanyoyin ƙarshe masu faɗin mota ɗaya ne, da bangon dutse ko shinge a kowane gefe da wuraren kaucewa jefi-jefi. Doka ta yarda da gudun mil 60 a awa a yawancinsu, amma mai hankali ba ya kai rabin haka, domin bayan kwana akwai tarakta ko mai doki ko garken tumaki. In wurin kaucewa ya fi kusa da ku, maigida ne zai yi baya, in wani ya kauce muku a ɗaga masa hannu.

Fita yawo kuwa, Ingila da Wales suna da hanyoyin ƙafa na jama'a kimanin mil 140,000 da suka ratsa gonakin mutane, kuma doka ta ba kowa ikon bi. Kibiya ruwan ɗorawa alamar hanyar ƙafa ce. A tsaya a kan turba, a bar ƙofar shinge yadda aka same ta, kada a ciri komai a gona. Saniya mai ɗan maraƙi a ba ta wuri sosai. Da yamma ki duba ƙafafun yara da bayan gwiwarsu saboda kaska, tana iya ɗaukar cutar Lyme. Ruwan koguna da tafkuna yana da sanyin da ke ɗauke numfashi ko da rana ta take, kada yara su faɗa. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawarar lafiya 111. Su Baba a matsayinsu na baƙi, sashen gaggawa kyauta ne, amma in aka kwantar da mutum za a caje shi kashi 150 cikin ɗari na kuɗin magani, saboda haka inshorar tafiya dole ce, kuma a bayyana musu duk ciwon da yake da shi.

Za a kalle ku, wannan kam ki sani. A ƙauyuka da yawa Hajiya da mayafinta da Baba da hularsa su ne za su zama abin kallo na ranar. Mafi yawan lokaci kallon son sani ne, kuma gaisuwa tana warware shi, domin a karkara ana gaisawa a hanya, saɓanin Birmingham. Musulmi masu fita yawon duwatsu ma sun ƙaru, musamman tun da Haroon Mota ya kafa ƙungiyar Muslim Hikers a 2020. In kin ga wani maƙwabci yana ɗaure fuska, sau da yawa haushin gidajen hayar kansu yake ji, domin a wurare irin Cotswolds da Cornwall sun sa 'ya'yan gari ba sa iya sayen gida a garinsu, har daga Afrilu 2025 aka ba ƙananan hukumomi ikon ninka haraji a kan gidan da ba mazaunin mai shi ba ne. Ku ajiye mota inda aka nuna muku, ku rage murya a lambu in dare ya yi, hirar waya da 'yan Kano a koma da ita ciki.

Daren Alhamis ku fara haɗa kaya, domin ƙarfe 10 da yara uku tana zuwa da wuri. Ba a ce ku wanke gidan ba, amma ana sa ran a bar kwanuka a wanke, a goge murhu da tanda, a kwashe abin da ke firij, a raba shara yadda takardar gidan ta nuna, tunda kowace ƙaramar hukuma da launin bolarta. Wasu suna so a cire zanen gado a tara wuri ɗaya. In wani abu ya fashe, ki aika saƙo ki faɗa, kofi ko faranti yawanci ba sa cajin komai. Ki ɗauki hoton ɗakunan ranar shiga da ranar fita, ki mayar da makulli cikin akwatinsa ki juya lambobin.